Laulayi a Ɗakin Ɗinki

Zuwa ga mai ɗakina,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ya jiki, ya ƙarfin hali?

Bayan haka, ban taɓa zaton zan rubuta wa matata wasiƙa muna gida ɗaya ba, bango kawai ne tsakaninmu. Amma duk na doso ƙofar ɗakin ɗinki sai ki ce in tsaya daga nan, in na yi magana daga falo kuma ƙarar keke ba ta barin ki ji. Shi ya sa na yago bayan kalandar gareji, zan turo miki ta ƙarƙashin ƙofa. Ki yi haƙuri da baƙin man da ke gefenta.

Tun da cikin nan ya fara nuna hali kika kwashe katifa kika koma wurin kekenki. Kin ce wari nake yi. Jiya na kawo lemun tsamin da kika ce kina so, kika karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hancinki, kika ruga bayi. Na tsaya a tsakar falo kamar an dasa ni. Wallahi abin ya sosa min rai, ba zan ɓoye miki ba. Shekara nawa ina dawowa daga gareji a haka, ke da kanki kike karɓar rigar aikina ki jiƙa, har kina ce min Injiniya.

In laifi na yi, ki faɗa min in ba da haƙuri. Yaya ma ta fara tambaya, don maƙwabta sun ga ina cin abinci a baranda. Na ce mata zafi ne ya yi yawa a ciki, ta kalle ni ta ce ita ta yi min wanka ina yaro, in nemi wanda zan yi wa ƙarya.

Na ajiye miki ƙanƙara a kula, tana bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi.

Naki,
Injiniya, in har sunan yana nan.

*

Injiniya,

Na amsa gaisuwa. Jiki da sauƙi, tunda haka ake cewa. Sunanka yana nan, babu wanda ya ci shi.

Takardarka ta iso, sai da na shanya ta a taga ta sha iska kafin na iya karantawa, don ita ma warinka take yi. Kada ka ɓata rai, ba kai kaɗai ba ne. Albasa ta zama abokiyar gabata. Sabulun da na yi shekaru ina wanka da shi na jefar. Ko man keken ɗinkina sai na ɗaure hanci da gyale nake ɗiga shi. Matar da ke bayan gidanmu in ta ɗora mai a wuta, ni ce ta farko da ke sani a duk layin nan. Kai dai ka fi su ƙarfi ne, kuma kai ne mai shigowa har ɗaki.

Tunda ka tambayi laifinka, bari in ba ka labarin yinina. Ina buɗe ido zuciya za ta tashi. In na ci ya dawo, in ban ci ba jiri ya ɗebe ni. Miyau kuwa kamar an buɗe famfo, ga gwangwani nan kusa da ƙafar keke, ina tura shi bayan labule in masu kawo ɗinki sun yi sallama. Ina tsakiyar yanka yadi barci zai kwashe ni da almakashi a hannu. Shekaranjiya maɓalli ya faɗi ya shige ƙarƙashin kabad, na zauna a ƙasa na yi ta kuka kamar an aiko min da mutuwa, da na gama kuma na koma yi wa kaina dariya. Ungozomar asibiti ta ce duk laulayi ne, mata da yawa haka suke yi, kuma galibi yakan yi sauƙi in ciki ya yi ƙwari. Ta ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan ina shan ruwa, in ruwan ma ya ƙi zama in koma wurinsu ba tare da ɓata lokaci ba.

To ka ga babu laifinka. Amma ni ma babu nawa, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan hancina ba. Maƙwabta kuwa, duk wanda ya ga kana ci a baranda ya wanko hannu ya zo ya taya ka.

Ƙanƙarar ta yi daɗi. Gobe ka ƙaro, ka ajiye, ka ja da baya.

Taka har kullum, daga ɗan nesa.

*

Zuwa ga matar ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan Allah ya raba lafiya.

Bayan haka, kin san abin da ya sa na rubuto maimakon in sake zuwa. Na tako ƙafa na zo duba ki, ina sallama kika toshe hanci, kika ce in bar mayafina a waje. Ni da girmana. Na haɗiye, don mai ciki ba a biye mata. Amma abin da idona ya gani ba zai haɗiyu ba. Ƙanina a kan tabarma a falo, ya rame, wuya kamar mariƙin lema, matarsa kuma ta kulle kanta da keken ɗinki.

Ni 'ya'ya shida na haifa, babu wanda ya hana ni girki ko gaishe da mijina. A na huɗun ina tsakiyar wanki naƙuda ta kama ni. Ban ce ƙarya kike yi ba, amma ku 'yan yanzu kun mayar da ciki sarauta. Mutane kuma ba laulayi suke cewa ba, cewa suke kin gaji da zama da mai baƙin hannu. Yaron nan ni na raine shi tun rasuwar mahaifiyarmu, ba zan zuba ido a mai da shi abin nuni a unguwa ba.

Ga shawarar da na yanke. Ki haɗa kayanki ki koma wurin mahaifiyarki har ki haihu, ta kula da ke, shi ma ya samu ya miƙe ƙafa a gidansa. Na riga na yi mata waya. Motar maigidana tana wurin ƙanina yana yi mata gyara, da zarar ta fito ranar Asabar zan zo da kaina in kai ki. Ba kora ba ce, gata ne.

Allah ya sauke ki lafiya. Wassalam.

Yayarku.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baban yara da yaran baki ɗaya.

Yaya, ban ji daɗin yadda ranki ya ɓaci a kan mayafi ba. Turarenki mai kyau ne, da can har roƙonki nake yi ki sam min. Amma a ranar nan, da kin ƙara matsowa, da a jikinki zan yi aman, sai na zaɓi ƙaramar rashin kunyar.

Shida kika haifa kina wanki, Allah ya raya su ya ƙara miki lafiya. Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni tsayuwa a gaban murhu ta fi ƙarfina yanzu, amma ɗinkin mutane ban fasa ba, ina yi ina tofarwa, wani lokacin ina yi ina hawaye. In wannan ce sarauta, to ba ni da kishi, duk mai so ya zo in sauka in ba shi.

Maganar tafiya kuwa, Yaya, ba zan je ba. Ke kin manta, ni ban manta ba. Wancan cikin ma haka aka yi, aka ce in je gida in huta, na tafi ban yi musu ba. A can ya zube. Likita ta ce ba tafiyar ce ta jawo ba, na kuma yarda, abin Allah ne. Amma ranar da abin ya faru ƙaninki yana kwance a ƙarƙashin mota a wani gari daban, wayarsa tana aljihun riga a rataye. Kafin ya iso an gama komai. Mahaifiyata ta riƙe ni iya ƙoƙarinta, sai dai ba ita nake ta nema da ido ba. Tun da aka ce min ina da wannan cikin tsoro bai bar ni ba, duk shigata bayi sai na duba. Abin da ke kwantar min da hankali shi ne in ji motsinsa ta bayan bango. Ba na iya shaƙarsa, amma ina so in riƙa jin yana nan.

Masu cewa na gaji da mai baƙin hannu, ki tuna musu baƙin hannun nan na gani na ce ina so. In abin ya dame su, su zo su riƙe min gwangwanin miyau na yini guda.

Ranar Asabar in kin zo zan shimfiɗa miki tabarma in kawo ruwa. Amma akwatina yana saman kabad kuma a nan zai kwana. Babu mai fitar da ni daga gidan nan sai mai gidan, shi ma sai ya faɗa da bakinsa.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki.

*

Mai ɗakina,

Barka da yamma, ya jikin? Yau ban ji ki sosai a bayi ba, ina fata sauƙi ne.

Yaya ta same ni a gareji ranta a ɓace, ta ce kin yi mata rashin kunya a rubuce. Ta miƙo min takardarki na karanta a tsaye. Ban san haka kike ji game da wancan karon ba. Ba ki taɓa faɗa min ba, ni kuma na ɗauka rashin tada maganar shi ne taimako. Na zagaya bayan wata babbar mota na daɗe ban fito ba.

Amma ki duba matsayina. Yaya uwa ce a wurina, ban taɓa ce mata a'a ba. Ta ce in ban bari kin tafi ba, in nemi wata yayar. Ni kaina ma na fara tunanin ko tafiyar za ta fi miki sauƙi, tunda ni ne ciwon. Iya ƙoƙari na yi. Da can in na tashi daga aiki hannu kawai nake wankewa da fetur, kamar yadda kowa ke yi a gareji, don shi ne ke cire baƙin mai da sauri. Tun da kika fara ƙorafi kuwa har wuya da gashin kai nake gogewa da shi, in zo gida in yi wanka, in kuma juye turare har sai riga ta jiƙe. Duk da haka kina jiyo ni tun daga bakin layi. To me ya rage?

Gyaran motar mijin Yaya ya kusa kammaluwa. Ki faɗa min abin da zan yi.

Naki.

*

Injiniya,

Gaisuwa a taƙaice yau, don ban san ko dariya zan yi ko takaici ba.

Fetur? Har gashin kai? Haba bawan Allah. Ina nan ina zargin kaina, ina tunanin ko wani abu ne ya shiga tsakaninmu, ashe tankin mota nake aure, an yayyafa masa turare. Baƙin man bai taɓa damuna kamar wannan haɗin ba. Daga yau ka bar shi, ba don ni kaɗai ba, har don fatar jikinka. Ka samu sabulu mara ƙamshi da soso, kayan aiki su riƙa kwana a gareji, turaren kuma ka ba duk wanda ka tsana. Ban yi maka alkawarin zan warke ba, don albasa ba ta wanka da fetur amma har yanzu ba ma ga maciji da ita. Sai dai mu gwada.

Abin da za ka yi game da tafiya kuwa, ba zan faɗa maka ba. Na riga na faɗi nawa. Bayana yana ciwo, ƙwannafi ya hana ni kwanciya sai a jingine, ɗazu na yi wa wata mai ɗinki tsawa a kan launin zare, na bi ta har waje ina lallashi. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne a sake kwasata kamar kayan wanki a kai ni inda ba ka nan. Ina ganin girman Yaya, na san don kai take yi, amma cikin nan namu ne ni da kai.

In ka ga tafiyata ce daidai, kada ka rubuto. Ka zo ka tsaya a ƙofar nan, zan buɗe, zan cire gyalen daga hancina, ka kalle ni ka faɗa.

Mai ɗakinka.

*

Mai ɗakina,

Barka da rana, ina fata kin ɗan samu barci.

Yau Asabar, tun safe na sauke injin motar, na baje shi a ƙasa don in samu hujjar cewa ba ta gyaru ba. Da Yaya ta zo ta tambayi yaushe za ta tashi, na fara cewa sai an samo kayan gyara, sai na ji kunyar kaina. Na ce mata motar lafiyarta ƙalau, gobe zan haɗa in kai mata har gida, amma matata ba za ta shiga ba. Ta juya ta tafi ba sallama.

Ban san yaushe za ta huce ba, kuma kada ki tambaye ni yau. Kina nan, ni ma ina nan. Me zan taho miki da shi?

Naki,
Injiniya.