Jakunkunan Sallah Sun Tsira

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya azumi, yaya kasuwa?

Garin nan na ƙasar Sin ba ya tsananin sanyi, amma daminarsa ba wasa. Bayan wasannin Olamfik aka ce guguwa tana tafe daga teku. Na garzaya garin Shiling, inda aka ajiye jakunkunanki na Sallah. Mai siton, wani ɗan Sin, ya ce, "Laoban," wato maigida da yarensu, "ruwa ba ya shigowa nan." Na dage sai da muka hau da su bene. Washegari ruwa ya kai gwiwa a siton, amma naki ko ɗaya bai jiƙe ba. Jibi za su hau jirgi, insha Allah.

Ki gaishe da Inna, ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sani