Shafin da Umma Ta Rufe

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da gwiwar nan da ke damunki, da ɗalibanki na ajin manya. Na san kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Gwaggo, rubutu ya tsaya mini cak. Sabon littafina ya kai rabi. Jarumar tana tsaye a ƙofar kantin magani, wanda take so yana ciki yana jera kwalabe, ni kuma wata da watanni na kasa shigar da ita. Kullum in na kai yara makaranta sai in goge tebur, in buɗe kwamfuta, in haɗa shayi. Shayin ya huce, in rufe.

Ga dalili. Yaya ya ce ya tarar da Umma a baranda da littafina na baya, tana bin layi da yatsa. Da ta kai wani shafi sai ta rufe, ta ce, "Yarinyar nan!" Ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Tun daga ranar, in na kira ta sai ta tambayi yara, ta tambayi babansu, littafi kuwa ko da wasa.

Duk soyayyar da na zuba a takarda, na zuba ta ne da tabbacin Umma ba za ta taɓa gani ba. Sai ga shi kin koya mata karatu. Yanzu duk layin da na rubuta, yatsanta nake gani a ƙarƙashinsa.

Na yanke shawarar gaya wa mai buga littattafaina ya daina jirana. Gara in bari da in kunyata uwata.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Auta

*

Zuwa ga Autar ɗan'uwana,

Wa'alaikumussalam. Gwiwa tana nan tana mulkinta, ɗalibai kuwa sun fi ni lafiya. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta sau biyu, na gyara miki waƙafi ɗaya.

Ƙwarai, ni na ba Ummanki littafin, kuma gobe ma zan ba ta wani. Mata ne masu jikoki a ajina. Kina so in zaunar da su suna maimaita "akuya ta ci ganye"? Ranar da na kawo littafinki, har wadda ta saba gyangyaɗi a bencin baya ta nemi in matso da ita gaba.

Abin da ya sa ta rufe shi ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Yayanki ya ga an rufe littafi, ya ga an rufe ƙofa, sauran ke kika ƙirƙira. Ƙirƙira sana'arki ce, amma ba a kan uwarki ba.

Kada ki aika wa mai buga littafi komai tukuna. Ki bar ni da Umma, zan je da kaina. Ke kuma ga aikin gida: ki shigar da yarinyar nan kantin. Shafi ɗaya, ko da ya yi muni. Ƙafafunta sun gaji. Ina koya wa yara insha'i tun kafin a haife ki, ban taɓa iya gyara farar takarda ba, amma mummunan shafi ina gyara shi kafin a tashi tara.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na yi aikin gida. Ta shiga, ta ce, "Ina wuni." Ya ce, "Lafiya lau, me za a ba ki?" Ta ce maganin mura. Ya ba ta, ya ce bayan cin abinci. Ta yi godiya ta fita.

Na karanta wa baban yara. Ya ce, "To, Allah ya ba ta lafiya." Na jefe shi da matashin kai.

Kin je?

Auta

*

Autata,

Sallama da gaisuwa. Shafinki ya ba ni dariya har maƙwabciya ta leƙo. Ki ajiye shi, mura ma hanya ce. Yanzu ki gyara zama.

Na je jiya da hantsi. Na tarar da Ummanki tana ninke wanki. Na bari muka gama gaisawa, na ce, "Matar ƙanena, ina littafin da na ba ki?"

Ta ce, "Yana nan."

"Kin gama?"

"Idona ne yake ruwa."

Na ce, "Idon da ya zura zare a allura yanzu a gabana?"

Ta ci gaba da ninke zanen da ta riga ta ninke. Can ta tashi ta ɗauko littafin daga ƙarƙashin katifa, ta buɗe inda ta sa tsinke, ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Wurin nan ne da mijin yake fitowa da rana tsaka, ya ga takalman matarsa a bakin ƙofa rana tana dukansu, ya tura su inuwa da ƙafa ya wuce, kamar bai yi komai ba.

Ta ce, "Malama, a ina yarinyar nan ta ga wannan?"

Na ce, "Wane?"

Ta ce, "Ƙanenki mana. Haka yake yi mini har ya bar duniya. Ni da shi ba mu taɓa maganar ba. Na ɗauka ba wanda ya sani. Ashe tana laɓe tana kallonmu, ga shi ta buga wa duniya!"

Auta, ni da muka fito ciki ɗaya da babanki, na san shi da ɗaure fuska da faɗan a kashe fitila. Ban taɓa sanin wannan ba. Muka zauna mu biyu muna share ido da wankin mutane.

Na ce, "To fushi kike yi da ita?"

Ta ce, "Fushin me? Kunya nake ji. In ta kira sai in rasa inda zan sa fuskata, alhali ma ba ta ganina."

Na gaya mata kin daina rubutu saboda ita. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ta daina? To wa zai gaya mini ko matar nan ta taɓa gane shi ne?" Na ce ai amsar tana gaba, ta ƙarasa littafin. Na baro ta tana neman tabarau.

Kin gani? Kina can kina jin kunyarta, tana nan tana jin kunyarki, mai kantin magani yana ta jera kwalabe. Ki koma teburinki.

Gwaggonki mai ƙaunarki

*

Gwaggona,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Na karanta wasiƙarki a tsaye a kicin, na yi kuka, na yi dariya, shinkafa ta kama.

Wallahi ban san Baba na rubuta ba. Na ɗauka ni na ƙago. Sai da na karanta bayaninki na tuna ƙafarsa, da bakin wandonsa, da ni ina zaune a dokin ƙofa.

Jarumar ta koma kantin, wai maganin bai yi mata ba. Mai kantin ya ce, "Ai ba mura kike yi ba, tun shigowarki ban ji kin yi atishawa ba." Daga nan suka ƙwace labarin daga hannuna. Jiya har na makara ɗauko yara, malamarsu ta harare ni. Na rubuta wa mai buga littafi cewa ya ci gaba da jira, amma ba da yawa ba.

Na kira Umma. Mun yi hirar zafin gari da tsadar sabulu. Da za mu yi sallama ta ce, "Ana aiki dai ko?" Na ce ana yi. Ta ce, "To, madalla," ta kashe da sauri.

Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi.
'Yarki, Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki da yara da babansu. Ni ce Umma. Da hannuna na rubuta, kada ki duba karkacewar.

Na gama littafin. Ya yi kyau. Amma mijin ya cika magana a ƙarshe. Babanki ba haka yake ba.

Akwai wani abu kuma da yake yi wanda ba ki gani ba. In kin zo zan faɗa miki, ki sa a sabon. Ki canza shi kaɗan don kada Gwaggonki ta gane.

Allah ya yi miki albarka.
Umma