Layin da Aka Goge

Zuwa ga babban ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, da fatan tarin jikata ya yi sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na koye shi.

Kwana huɗu ke nan ƙanwarka Auta ba ta cin abincin kirki. Ta ce shafin intanet ɗin da kamfaninku ya yi wa masu sayar da magani ya daina buɗewa, kuma shugabanku ya ce ita ta ɓata shi, tunda ita ce sabuwa. Kai ka kai ta aiki wurin nan, shi ya sa a da hankalina yake kwance.

Ranar Asabar ta baza kwamfutarta a teburin falo, na ja kujera kusa da ita. Ta yi mini bayani cewa shafin kashi uku ne: mai ajiye bayanai, mai nuna su, da mai ba da umarni a tsakaninsu. Mai umarnin yana da wasu layuka na farko da suke harhaɗa shi kafin ya kama aiki. A cikinsu aka goge layi ɗaya, wanda yake haɗa shi da ma'ajiyar, sai ya tashi hannu wofi. Ta mayar da layin, shafin ya buɗe, har na tafa.

Sai ta buɗe inda ake ganin wanda ya taɓa kowane layi. Ta yi sauri ta rufe, amma na riga na karanta. Sunanka ne, da kwanan wata. Ran nan ma tana gida da zazzaɓi, ni na dafa mata ruwan wanka.

Kuskure ba abin kunya ba ne. Amma an ce kana zaune a ɗakin taron lokacin da ake yi mata faɗa. Don Allah ka je wurin shugabanku kafin Laraba, ranar da za su yanke hukunci.

Mahaifiyarka.

Ɗana,

Ina fatan kun tashi lafiya. Atamfar da ka aiko ta iso, na duba cikin ledar ban ga takarda ba.

Na roƙi Auta ta nuna musu abin da muka gani, har na yi mata kuka. Ta ƙi. Ta ce kai kana da 'ya'ya uku, ita kuwa kanta kawai take ciyarwa. Na kira wayarka sau shida, matarka ta ce kana wanka.

Jiya Laraba aka sallami Auta, ta dawo tun kafin azahar da kwali, ciki da kofinta da 'yar fankar tebur. Ta ce gyaran nata ma an yaba, sai dai an ce kai ka gano shi. Yau da safe ta yi shirin fita har da takalmi, sannan ta tuna, ta zauna a bakin gado.

Ka aiko a karɓi atamfar, ban warware ta ba.

Auta ta ce in gaishe ka. Na rubuta ne don ta sa ni.

Mahaifiyarka.