Yatsun da Na'ura Ta Ƙi Gani

Litinin, 6 ga Oktoba

Na'urar hukumar shige da fice ta ce ba ni da yatsu. Na duba, goma ne cif, kamar yadda na baro gida da su. Jami'ar da ke ɗaukar zanen yatsu ta danna hannuna a kan gilashin, ta ɗaga, ta goge, ta sake dannawa. Jar wuta kawai. Wanda ya riga ni, wani ƙato mai hannu kamar faranti, taɓawa ɗaya ya yi aka ba shi koriya. Ni ta ce in dawo Alhamis.

Maganar a fili take. Bizar da na shigo da ita za ta mutu ƙarshen watan nan. In babu zanen yatsu, babu takardar izinin aiki. In babu ita, sai filin jirgi. Ni kuwa na ajiye aikina na gida, an yi mini walimar bankwana, har da agogon bango aka ba ni. Da wane ido zan koma in kalli mutanen da suka haɗa kai suka saya mini agogo?

Mutum biyu ne suka san yau zan je: Madam Gobe, mai kula da ma'aikata a ɗakin karatun da ya ɗauko ni gyaran tsofaffin littattafai, sai abokin zamana. Ban ce ina zargin kowa ba. Rubutawa kawai na yi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Abokin zaman nawa baƙo ne kamar ni, daga can wajenmu, amma ya daɗe a nan har yana cewa "mu nan ba ma yin haka." Shi ya sa na raɗa masa suna Ɗan Gari. Hoton ƙashi yake ɗauka a wani asibiti, wato sana'arsa leƙa cikin mutane. Ɗaki biyu gare mu, kicin ɗaya, firji ɗaya, kowa da hawansa.

Kirkinsa ya yi yawa. Shi ya tarbo ni a filin jirgi ba tare da na roƙe shi ba. Shi ya nuna mini motar da zan riƙa shiga. Na karanta littattafai da dama, kuma a cikinsu duk wanda ya ɗaukar maka jaka a babi na ɗaya, a babi na tara za ka ji dalili.

Jiya na ji shi a waya yana cewa, "Ɗakin da mutum a ciki tukuna." Tukuna! Yana da suruki da ke son zuwa, ya taɓa faɗa mini.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na yi shiri na gaske. Na ce gam ɗin ɗinkin littafi ne ya toshe zanen, don haka tun safe na jiƙa hannuwana a ruwan zafi, na dirje su da sabulun wanki, na bi kowane yatsa da dutsen goge kaushi. Suka fito fes, suna sheƙi.

Jar wuta.

Jami'ar ta juya tafina ta duba, ta tambayi sana'ata. Na faɗa mata da ɗan alfahari. Ta ce shekarun shafa takarda ne suka cinye zanen, kuma ɗan abin da ya rage ran Litinin, yau ba ta gan shi ba. "Me ka yi musu?" Na ce wankewa. Ta dube ni irin kallon da nake yi wa mai liƙe tsohon littafi da salatif.

Hukuncinta: kada in taɓa takarda, ko gam, ko sabulu, ko ruwan zafi. In riƙa shafa mai, in kwana da safar hannu. In dawo ran 27. In na'urar ta sake ƙi, sai a tura maganar babban ofis a nemi shaidar likita, kuma kafin su amsa bizar ta daɗe da rasuwa.

Tana faɗa tana murmushi. Me ya sa ba ta faɗa mini tun ran Litinin ba?

Asabar, 11 ga Oktoba

Uwar yara ta kira. Na ce komai lafiya, saura ɗan hatimi. Ta ce, "Baban yara, muryarka ta ɗan hatimi ce ko ta babban hatimi?" Shekara ashirin da wani abu ina ƙoƙarin yi wa matar nan ƙarya, har yau ban ci jarrabawar ba. Na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari, ta ce dama ta sha gaya mini littattafan nan sai sun cinye ni, ashe daga yatsu za su fara. Da ta gama dariyar sai ta ce kada in gaya wa auta, tana tsakiyar jarrabawa.

Talata, 14 ga Oktoba

Na je wurin Madam Gobe. Sunan ya samo asali ne daga amsarta, ko gaisuwa ka yi mata sai ka ji kamar za ta ce ka dawo gobe. Na shirya dogon bayani a kan yadda mai gyaran littafi zai zo aiki amma ba zai taɓa littafi ba. Ban kai rabi ba ta ce babu damuwa, in zauna a gaban kwamfuta in riƙa shigar da sunayen littattafan da ke jiran gyara.

Yau ba ta ce gobe ba. Nan take ta amince.

Wannan ne ya tsorata ni. So take su gwada ko gidan zai tsaya ba ni. In aka yi mako biyu rufi bai faɗo ba, wa zai sake wahala da bizar wani tsoho marar yatsu?

Laraba, 15 ga Oktoba

Ɗan Gari ya kawo mini man shafawa a wani farin kwano marar rubutu. Wai daga wurin aikinsu, wai ma'aikatan jinya shi suke shafawa saboda yawan wanke hannu. Na yi godiya. Da ya fita na shafa shi a dunduniyar ƙafata ta hagu. In ta kai Juma'a da fatarta, sai mu gani.

Ya kuma ƙwace wanke-wanke. Na kama kofina zan ɗauraye, ya fizge. "Malam, ajiye. Hannun nan yanzu na hukuma ne." Na ce ni ba majinyaci ba ne. Ya ce, "Majinyatana sun fi ka jin magana."

Juma'a, 17 ga Oktoba

Dunduniya lafiya lau. Har ta fi 'yar'uwarta laushi. Na fara shafawa a hannu, amma idona a buɗe yake.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Da safar hannu nake wannan rubutun, shi ya sa ya yi kama da sawun kaza. Karatu ma ya zama aiki. Da bayan cokali nake juya shafi, wani lokaci biyu su tafi tare, in tarar jarumin ya mutu ban san me ya kashe shi ba.

Ɗan Gari ya wanke mini kaya yau. Har da singileti. Na tsaya a ƙofar banɗaki ina kallon namiji mai furfura a gemu yana cuɗa wuyan rigata yana waƙa. Kafin in miƙa masa wandunan sai da na zazzage aljihunan tas. Ya gani, sai kawai ya ce, "Malam, akwai wani maɓalli da ya kusa faɗuwa, in ɗinke?" Ni da nake ɗinke littafin da ya girmi kakana, yau wani ke ɗinke mini maɓalli, kuma a karkace.

Ga yadda na fahimci dabarar. In na'ura ta ƙi, zai ce wa mutanen gida ya yi iya ƙoƙarinsa, surukinsa ya gaji ɗaki, hannunsa a wanke. In ta karɓa, na zama bawan alherinsa har abada. Ta kowace fuska shi ke da riba. Mutumin ya iya lissafi.

Kuma ga surutu. Yana shanya yana ba ni labarin wani akuyan babansa da ya ci takardar haihuwarsa. Na ce ina da ciwon kai na shige ɗaki.

Laraba, 22 ga Oktoba

An kawo wani littafi mai bangon fata, bayansa a ɓalle, zaren duk ya ruɓe. Aikina ne sak, irin wanda aka ƙetare teku aka ɗauko ni dominsa. Na tsaya a kansa hannuwana a baya kamar mai ta'aziyya. Madam Gobe ta wuce ta ce, "Zai jira ka." Ta rufe shi da farin ƙyalle, ta sa a kabad.

Zai jira ni, ko zai jira wanda zai zo bayana? Ba ta fayyace ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na duba yatsuna a hasken taga da gilashin ƙara girma. Akwai wasu layuka siri-siri. Ko zane ne, ko tsufa.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ɗan Gari ya ɗauki hutun rabin yini ya raka ni. Na ce ba sai ya zo ba, ya ce ai wani ne zai riƙe mini takardu, tunda an hana ni taɓa su. Na ba shi jakar, fasfo na ciki. Duk tsawon hanya idona na kan jakar, shi kuma nasa na kan hannuwana, kada in kama ƙarfen mota.

Jami'ar nan ce dai. Ta ce in hura wa yatsun iskar baki, kada in danna da ƙarfi. Babban yatsan dama: shiru, shiru, sai koriya. Na biyu, koriya. Ƙananan biyun suka ƙi, ta ce takwas sun wadatar. Ta buga abin da za ta buga, ta ce katin izinin zai fito cikin mako mai zuwa, takardar da ta ba ni kuma ta tsayar da maganar biza.

Na fito ina ta jan hanci. Na ce wa Ɗan Gari sanyin ofishin ne. Ya ce, "Ƙwarai, Malam, sanyi ne," yana share idonsa da hannun riga.

Uwar yara ta yi guɗa a waya. Na nisanta wayar daga kunne.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Yau na tambaye shi kai tsaye, muna shan shayi. Na ce, mutumina, mu bar wasa, me ka samu a wannan wahalar? Ina maganar suruki?

Ya ce surukin shi yake nacin zuwa, shi kuwa da zama da suruki gara ya kwana a tashar mota. Ni ne hujjarsa. Sai ya juya kofinsa ya ce, kafin ni mutum uku sun zauna a ɗakin nan, duk takardu suka mayar da su gida. Bayan tafiyar na ukun, ya yi wata da watanni bai yi Hausa da kowa ido da ido ba. Wata rana a wurin aiki ya tsinci kansa yana gaida hoton ƙashin wani da "ina gajiya."

"In ka tafi, Malam, da wa zan yi magana?"

To. Dama na faɗa. Tun ranar farko na ce akwai abin da yake nema, kuma ga shi ya amsa da bakinsa. Ban yi kuskure ba, a rubuta wannan.

Na tashi na wanke kofunan, nawa da nasa, tunda hukuma ta sakar mini hannu. Ya zauna a kujerar kicin ya kama wani labari na yadda ya ɓace a makon farko da zuwansa. Labarin ba shi da kai ba shi da gindi, kuma ya maimaita tsakiyarsa. Na goge hannu na ja kujera. Ba don komai ba, akwai gyara a yadda yake ba da shi, kuma dole wani ya zauna ya ji kafin ya gyara.

Gobe zai ƙarasa. Na ce ya bari sai na dawo daga kasuwa, kada ya fara ba ni.