Ɗorawa Uku a Gonar Maharazu

Rafin Ɗinya, ta hannun Gidan Waya, Malumfashi
25 ga Yuli, 1979

Zuwa ga Yaya Sabuwa, a Zangon Kumasi.

Bayan gaisuwa ta ban girma da sada zumunci, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam Manu da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara lafiya, Ya kai mu azumin nan da ya ƙarato da rai da imani. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta zauna, dawa ta kai gwiwa, Inna kuma ta samu sauƙin ƙafar nan har tana zuwa rijiya da kanta, ko da yake mun hana. Daddawar da kika aiko a sayo miki tana hannun direban da ke kawo goro.

Yaya, akwai maganar da nake so ki ji daga bakina kafin fatake su kai miki ita a karkace. Kin san ƙanenmu Maharazu ya tsaya takarar Majalisar Dokoki ta Kaduna. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aka fara. Ranar da mutanen jam'iyyar talakawa suka zo neman ɗan takara, zaurena suka yi wa sallama. Na shiga ciki na sako babbar rigata, na fito ina gyara hula, sai suka tambaye ni ko Malam Maharazu ya taso daga makaranta. Jagora kawai suke nema zuwa gidansa. Wai shi ne mai Turanci. Na raka su da rigar a jikina, har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini.

Shekara goma sha takwas ina aiki a wurin renon itatuwa na gandun daji. Ni na fara cewa taraktocin nan da ke tumɓuke ɗorawa da kaɗanya don a faɗaɗa gonar auduga za su bar mu da ƙasa tsirara. Ni na lura kifin rafinmu yana mutuwa tun da masu feshi suka fara wanke tankunansu a ciki. A kan tabarmata Maharazu ya ji duk wannan, yana cin gyaɗata. Sai ga shi a bayan mota da lasifika, daga nan har kan hanyar Funtua, yana zuba maganata kalma da kalma, mata suna rangaɗa guɗa. Hoton takararsa ma, ɗan dashen da yake riƙe da shi ni na rene shi. In kika duba gefen hoton za ki ga yatsuna biyu, iyakar rabona ke nan. Mutumin da ko zogale bai taɓa dasawa ya kama ba, shi ne yau ake kira Malam Mai Itace. Hassada na yi, Yaya, ba zan sa mata wani suna ba. Ko Inna, in ta idar da salla, sunansa nake ji ta fara ambata.

Kin tuna rabon gadon Baba. Marigayi Liman ya ba Maharazu gonar bakin hanya, amma ɗorawa biyar da ke cikinta aka fitar da su daban kamar yadda ake yi, uku nawa, biyu naki. Ƙasa tasa, itace namu. Daga mu uku sai Liman da Inna a ɗakin, kuma tun da matar Maharazu ce ke tsinkar kalwar duk shekara tana rabawa, gari ya ɗauka duk nasa ne. To, wani Alhaji Mati, mai ba da hayar tarakta, wanda ke bayan abokin hamayyar Maharazu, ban san inda ya shaƙi labarin ba. Ya same ni a wurin aiki ya yi ta yabona, ya ce kowa ya san ni ne mai ilimin, yaro ne kawai ya hau kaina. Ya ce ai mutum yana da iko da abinsa, in na ga dama in sare, masu zarto suna nan. Bai tilasta ni ba. Abin da nake son ji ya faɗa, na kuwa sha.

Ranar kasuwar Malumfashi aka kayar da su, da hantsi, lokacin da hanya ta cika da jakuna da kekuna. Babbar ta faɗa kan audugarsa ta kwantar da kunya wajen ashirin. Naki biyu ban taɓa ba. Ni ban tsaya a wurin ba, ina can cikin dashe ina ba da ruwa, ina jin ƙarar faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar maroƙan ɗaya ɓangaren sun ɗauka, wai mai hana sara ya sare na gonarsa don auduga. Har mota aka yi ta kwaso mutane a nuna musu kututture.

Kalma ɗaya ta ishe shi wanke kansa. Da ya ce itacen na wansa ne, babu manomin da ba zai gane ba, don kowa yana da irin wannan rabon a gidansu. Mutanensa sun matsa masa a taron da aka yi a bakin tasha. Ina cikin jama'a, na ja hula har gira. Ya ce gonar tasa ce, abin da ya faru a cikinta kuma a wuyansa yake, a yi masa afuwa. Ya hango ni, Yaya, idonmu ya haɗu, ya kawar da kai don kada a bi idonsa a gan ni. Taku goma ne tsakanina da motar. Ban taka ba. Maimakon in ji tausayinsa, haushi na ji, wai ko a nan ma sai ya fi ni.

An yi zaɓe ranar Asabar. Ya faɗi da ƙuri'a kaɗan, kuma akwatunan garuruwan bakin hanyar nan ne suka kayar da shi. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba: da aka karanta sakamako a rediyo, wani sanyi na fara ji a zuciyata kafin kunya ta biyo. Inna kuwa tuwo dai take turo mini ba ta kallona. Shi kuwa kullum da safe sai ya zo ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi kwanan iyali. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa.

Kujerar ta tafi, sai bayan shekara huɗu in da rai. Amma har yanzu yara suna binsa da waƙar kututture in zai tafi makaranta. Jibi Juma'a, in an sallame, zan tashi a gaban mai gari da jama'a in ce ni na sare, in faɗi dalili. Na san halina, shi ya sa na rubuto, kuma yau zan jefa takardar don kada in samu hanyar komawa. Direban goro zai kawo miki labari. In kika ji ban tashi ba, kada ki amsa wannan takarda, kada kuma ki ƙara amsa gaisuwata.

Ki gaishe mini da Malam Manu, da Tsohuwa da ƙannenta. Inna tana sa muku albarka. Maharazu ma ya ce in zan rubuta in saka gaisuwarsa, ga ta na saka.

Ni ne ƙanenki,
Jibo