Bolle da Ƙofar Keji

Terschelling, 3 ga Afrilu

Ya shiga, Baukje! Bolle ya shiga kejin nan da kika aiko, har ya kwana a ciki.

Yi haƙuri 'yata, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki, yaya maigidanki Wietse? Ina amaryata Jitske? Tun da na dawo daga ganinta nake shinshina hannun rigata. Kun kyauta da kuka sa mata sunan mahaifiyarki.

Kin ce ba za ki kawo jaririya gidan da kare yake yawo sakaka ba, sai ya koyi zaman keji. To ga shi ya koya yana da shekara takwas. Ni ma sai da na kai hamsin na shiga makarantar yamma na koyi riƙe alƙalami, kada a raina mu tsofaffi. Ku shigo jirgin fito na Asabar. Na sayi biskit ɗin barka, maƙwabta duk suna jira.

Ubanki,
Douwe

Leeuwarden, 6 ga Afrilu

Baba, ina gaishe ka da kyau. Mu duka lafiya.

Na ji daɗin wasiƙarka. Sai dai jiya maƙwabciyarka Inna Sjoukje ta kira ni. Ta ce, "Ki tambayi tsohon nan inda haƙorin Bolle ya tafi. Karen da ke bin sa har ƙofar coci, yau shi ke ɓuya bayan injin wanki in ya ji takunsa."

Takardar da ta zo da kejin ta ce a bar ƙofa a buɗe mako biyu, a riƙa ba shi abinci a ciki har ya saba. Ka karanta kuwa? Ba za mu zo Asabar ba. In abin ya gagara, Wietse ya san wasu masu gona da za su karɓe shi.

Ka huta lafiya.
Baukje

Terschelling, 10 ga Afrilu

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa.

Na karanta takardar sau biyu, ina bi da yatsa. Na ga mako biyu ya yi mini nisa. Shekara arba'in ina kafa tarkon kifi, abin da hannuna ya iya ke nan: a sa abinci a ciki, in ya shiga a rufe. Ranar da kika haihu na ajiye kifin banda a can ƙurya. Ya shiga yana kaɗa jela, na ja ƙofa. Na ce masa jirgin fito na ƙarfe uku zan biyo in dawo.

Da na iso wajenki, sai aka ɗora mini Jitske a hannu. Ina kallon agogo, na san lokacin jirgin ƙarshe sarai, na ƙi motsi. Kika ce, "Baba, Bolle fa?" Na ce yana wajen Sjoukje. Ƙarya na yi miki. Ko kiranta ban yi ba, don na riga na cika baki a layinmu cewa rana ɗaya ta ishe ni horar da shi.

Washegari na tarar da jini a jikin ƙarfen, haƙori a ƙasa, ya ɓata shimfiɗarsa. Ko haushi bai yi ba. Da na buɗe, ya wuce ni kamar baƙo. Kwanan da na ce ya yi a ciki ke nan.

Kafin ta rasu a asibiti, mahaifiyarki ta ce da ni, "Douwe, karena amana ne, kada ka ba da shi." Na ci rabin amanar, kada ki sa in ci sauran. Ki ba ni wata ɗaya kafin ki kira masu gona.

Ubanki da ya ji kunya,
Douwe

Leeuwarden, 13 ga Afrilu

Baba, barka da gida. Na ba ka wata ɗaya. Ni ma da laifina, na aiko da keji ta gidan waya na bar ka da shi kai kaɗai. Amma ka ba Inna Sjoukje makullin gida yau ɗin nan. Jitske ta ƙara nauyi, ta ɗebo hancinka.

Taka,
Baukje

Terschelling, 15 ga Mayu

'Yata, ina gaishe ku ku uku.

Na ɗaure ƙofar kejin da igiya a buɗe. Kullum a ƙasa nake cin abincin rana, a gefensa, gwiwoyina suna zagina. Sjoukje ta leƙo ta ce, "Wai a cikinku wa ake horarwa ne? In kai ne, in kawo maka ƙashi."

Sai da ya yi kwana goma sha tara kafin ya sa ƙafar gaba a ciki. Jiya ya shiga da kansa, ba kifi ba komai, ya juya sau uku ya kwanta har da minshari. Yau na rufe ƙofa iya shan kofi ɗaya, ina zaune yana ganina, na buɗe. Iyakar inda muka kai ke nan, ban ƙara ko minti ba. Har yanzu bai dawo kwanciya a ƙafata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ban ce ya ishe ki ba, ke za ki yanke. Maganata ta riga ta zube sau ɗaya, don haka kada ki ɗauke ta. Ku zo ku duka, da Wietse da iyayensa da amaryata, Sjoukje ma za ta tsallako. Ku zo ku gani da idonku.

Ubanki,
Douwe