Matsalar Daga Gado Take

Maamobi, Accra, 3 ga Nuwamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya kunnen? Tunda ba ka jin waya, ga takarda ta hannun Musah direba.

Albishirinka! Ka san risfaridon, maganin da aka ɗora jikanka Mutawakilu a kai saboda otizim ɗinsa. Ya daina buga kansa da bango, amma ya koma barci paa. A motar haya ta trotro barci, a kan kokonsa barci, a aji barci, yawu na zuba. Madam ɗin makarantarsu ta ce in bai farka ba kafin ƙarshen zango, za su ba wani yaro kujerarsa. Shekara biyu na yi ina sintiri kafin in sami kujerar nan. In na tsayar da magani kuma, goshinsa zai koma yadda ka gan shi da Sallah.

To jiya muka ga sabuwar likita. Ta ce tana zaton matsalar daga gado take, kuma za a iya gyarawa. Musah na ta danna hon, sauran bayani na nan tafe.

'Yarka,
Fulera

Ejura, 8 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Fulera,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki, da mijinki Rahim, da jikana.

Na karanta takardarki sau uku. Shekara hamsin ina aikin kafinta, ba a taɓa dawo mini da gado ba, sai yau da wata likita wadda ko zarto ba ta taɓa riƙewa ba. Gadon yaron nan da hannuna na yi shi, da katakon odum. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na huce sai na tuna fentin da na shafa masa mai wari ne, wataƙila shi ke hawa masa kai.

Na ƙera sabo cikin kwana uku, babu fenti ko ɗigo. Yana saman motar Musah. Ki kai wa likitar ta duba shi da kanta.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki,
Issifu Kafinta

Maamobi, 11 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara, don na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Gado ya iso. Ya ƙi shiga lungunmu koraa, sai da maza huɗu suka ɗaga shi sama suka tsallaka kwata, mutane na tambaya wa ya yi aure.

Ba gadon kwanciya ba, Baba. Gadon jini, irin wanda ɗa ke yi wa iyaye. Ni ce na rubuta a gaggauce.

Ga yadda likita ta bayyana. Hanta ce ke narkar da maganin nan. Wasu sun gaji hanta mai saurin aiki, wasu mai jan ƙafa. Mai jan ƙafar, kafin ta gama da na jiya an zuba mata na yau, sai ya taru ya kwantar da yaro. An goga auduga a cikin kumatun Mutawakilu an tura gwaji, amma sai bayan sati biyar, lokacin zango ya ƙare. Ta ce ba za ta taɓa awon maganin a kan zato kawai ba, don tana tsoron goshinsa. Amma in akwai wanda ɗan magani ke kayarwa a danginmu, wannan zai ƙarfafa mata gwiwa ta fara ragewa tun yanzu.

Dangin Rahim sun ce su ƙarfe ne. Mu fa, Baba? Don Allah ka tuna da kyau.

'Yarka,
Fulera

Ejura, 16 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa. Ku 'yan Accra kun gama da Hausa, sai dai addu'a.

Yanzu ki saurara, don ban taɓa gaya wa kowa cikinku ba. Kafin a haife ki, ina zaune a unguwar Nima, nan Accra ɗinku, ciwon baya ya dame ni. Wani mai kemis ya ba ni 'yar ƙwaya rawaya, wadda abokin aikina ke sha biyu ya hau rufin gida. Ɗaya na sha, ana jajiberin Sallah. Ban san an yi Idi ba. Da na fito ina tangaɗi, baki ya bushe, harshe ya yi nauyi, sai unguwa ta ɗauka giyar akpeteshi na sha. Ni da nake kiran sallah a masallacinmu, aka ce in huta. Na rantse, ba wanda ya yarda. Abin da ya raba ni da Nima ke nan, ba tsadar katako ba kamar yadda na gaya muku.

Gwaggonki Damata ma, cokali ɗaya na maganin tari ke sa ta ganin ɗaki na juyawa. Mun ɗauka raki ne.

Na yi kuka da na karanta takardarki, kuma ba na baƙin ciki ba. Ki kai wa likita wannan yau ɗin nan, ta karanta duka, ba na jin kunya.

Allah ya farkar da jikana.
Issifu

Maamobi, 12 ga Disamba

Baba,

Ina gaisuwa. Likita ta karanta, ta rage awon kaɗan-kaɗan tana duba shi duk sati. Gwajin bai dawo ba tukuna. Goshi lafiya lau.

Yau aka rufe zango, Madam ta ce in same ta a ofis. Na ɗauka kujerar ce ta tafi. Ashe ƙara za ta kawo: tun Litinin jikanka yake kwashe takalman 'yan aji yana jera su daga ƙarami zuwa babba, kuma ba mai tafiya gida sai ya miƙa wa kowa nasa. Bai taɓa kuskure ba.

Ta ce in dawo da shi bakwai ga Janairu, in kuma zo da wuri, don ita ma nata takalmin yana hannunsa.

'Yarka,
Fulera